Istanbulkart: Abin da Katin Ke Yi wa Macen da Ta Je Istanbul Ita Kaɗai

Duk Hajiyar da ta ce za ta Istanbul ita kaɗai, daga Nima take ko Madina ko Sabon Zango, shawarar farko da za a ba ta ita ce ta nemi wanda zai riƙa zagawa da ita. Sai a turo mata lambar wani ɗan gari ta WhatsApp. Shi zai tarbe ta a filin jirgi, shi zai tsayar da tasi, shi zai kai ta shagunan da yake karɓar kamasho, kuma kowace rana da dalolin da za ta ajiye masa. Akwai mutanen kirki a cikinsu, ba mu ce babu ba. Sai dai babban abin da ake biyansu dominsa, wato kai mutum daga nan zuwa can, wani ɗan jan katin roba yana yin mafi yawansa a kan kuɗi kaɗan. Sunansa Istanbulkart, hukumar birnin ce ta fito da shi tun 2009.

Birnin na da mutum sama da miliyan 15, kusan rabin mutanen Ghana ke nan, kuma ruwa ya raba shi gida biyu, ɓangaren Turai da ɓangaren Asiya. Kati ɗaya ne ke buɗe metro na ƙarƙashin ƙasa, da taram mai bin tsakiyar titi, da bas, da Metrobüs, wato dogon bas mai hanyarsa ta kansa, da jirgin Marmaray mai ratsa ƙarƙashin teku, da jiragen fito, da ƙananan jiragen da ke hawa tudu, har ma da bandakunan hukuma. A cikinsu duka babu inda ake miƙa tsabar kuɗi, kuma ba kamar trotro ba, babu yaron mota da zai kira sunan tasha ko ya tuna miki inda za ki sauka. Karatun allo da ƙirga tashoshi aikinki ne. Hukuncinmu kuwa shi ne: da rana, hannu babu kaya mai nauyi, katin ya fi tasi da ɗan rakiya nesa ba kusa ba, a kuɗi da a kwanciyar hankali. Ranar isowa da akwatuna, lokacin cunkoso, da bayan tsakar dare, a nan ne yake gazawa.

Injin sayar da katin ana ce masa Biletmatik, yana nan a bakin kusan kowace tasha da kowace mashigar jirgin ruwa. Ki fara sauya harshen allon zuwa Turanci ko Larabci, ki zaɓi sayen sabon kati, ki zura takardar lira. Injin zai cire kuɗin katin kansa, ya zuba ragowar a ciki, katin ya faɗo a aljihun da ke ƙasa. In za ki ƙara kuɗi daga baya, sai ki kwantar da katin a kan farantin karantawa, ki zura takardar, ki bar katin a wurin har allon ya nuna sabon adadi. Masu gaggawa sukan ɗaga shi da wuri, injin ya haɗiye kuɗin bai gama rubuta su a katin ba, daga nan kuma sai neman ma'aikacin tasha da bayani da hannu.

Abubuwa kaɗan ne ke ɓata wa baƙuwa rai a gaban injin nan, amma kullum su ne. Ba ya ba da canji: in kin zura lira 200, wadda ita ce takarda mafi girma a ƙasar, duka za ta shige katin. Ba ya son takardar da aka ƙudundune a bakin zani ko ta jiƙe da gumi, zai yi ta tofo ta, don haka ki ware sabbin takardu biyu ko uku a miƙe cikin fasfo ko ɗan littafi. Sannan akwai masu “taimako” da ke tsayawa kusa da injinan wuraren baƙi. Wani zai ce ki ba shi tsabar kuɗi ya zuba miki da katin bankinsa, wani zai miƙo katin da ya ce a cike yake. Ki ce masa “Hayır”, wato a'a, ki juya wurin mai gadin da ke bakin shinge cikin kayan aiki. Kowace tashar metro da taram tana da irinsa, kuma nuna wa baƙi yadda injin ke aiki ba sabon abu ba ne a wurinsu.

Sidi ba ya canzuwa a can, MoMo ma ba ya aiki. Dala ko yuro za ki riƙe. A filin jirgi ki canza abin da zai sayi kati ya kai ki masauki kawai, domin farashinsu ya fi muni. Shagunan canji masu alamar Döviz a unguwar 'yan sari ta Laleli da cikin Kapalıçarşı, babbar kasuwa mai rufi ta tsohon gari, sun fi bayarwa. Shingayen shiga da yawa yanzu suna karɓar katin banki na taɓawa, amma kuɗin hawa ya fi tsada ta nan, ga kuma abin da bankinki na gida zai ɗora a kan kowace taɓawa. Ki bar shi don ranar tsautsayi.

Babban aibin katin ga baƙo shi ne wannan. Ɗan gari da ya yi wa katinsa rajista da sunansa yana samun rangwame in ya sauka daga wani layi ya hau wani cikin ɗan lokaci, kuma a Marmaray da Metrobüs, inda ake cire kuɗin tafiya mafi nisa tun a shiga, yana taɓa wani injin a wurin fita a mayar masa da rarar. Katin da kika saya a inji ba shi da suna, don haka ba ya samun ko ɗaya. Kowane sauyin layi cikakken kuɗi ne. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, in taswirar waya ta ba ki hanya biyu, ɗaya mai sauyi uku da ta fi sauri da minti biyar, ɗaya mai layi guda da ɗan taku, ki ɗauki ta biyun. Haka kuma katin yana yarda a shigar da mutum har biyar a jere, shi ya sa in kin taɓa, shingen bai juya ba a ganinki, kika sake taɓawa, sau biyu za a cire. Ki taɓa sau ɗaya, ki jira koren haske, ki tura ƙarfen da cinya. In kuwa kin ji muryar injin ta ce “Yetersiz bakiye”, kuɗi ne suka ƙare, ba wai katin ya lalace ba.

Akwai wani katin baƙi mai suna Istanbul City Card da ake hawa ba adadi na kwana ɗaya ko uku ko biyar zuwa sama. Mai zuwa sari da za ta wuni a unguwa ɗaya ba za ta ci kuɗinta ba. Tikitin hawa ɗaya ko biyu ko uku kuma shi ne mafi tsada in aka raba. Kuɗin hawa yana sauyawa fiye da sau ɗaya a shekara saboda faɗuwar lira, don haka farashin da wata ta gaya miki bara a Makola ba shi za ki tarar ba. Allon injin ne mai gaskiya.

Yanzu ranar isowa. Jirgin da ke tashi kai tsaye daga Accra yana ɗaukar kusan awa 7, kuma agogon Turkiyya na gaban namu da awa 3. Sabon filin jirgin, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, yana can arewa, wajen kilomita 40 daga tsohon gari. Layin metro M11 ya fara aiki a 2023, a 2024 kuma ya iso Gayrettepe, tafiyar kusan rabin awa, mai tsabta, mai sauri. A takarda babu kamarsa. A ƙasa kuwa, tashar ba a cikin ginin filin jirgin take ba, sai kin yi taku kin wuce wurin ajiye motoci. A Gayrettepe za ki fito daga zurfin da ya haura mita 70, matakala mai tafiya bayan matakala mai tafiya, ki bi doguwar hanya zuwa layin M2, ki sake taɓa kati, ki sauka a Vezneciler ko Yenikapı, sannan ki ja akwati a kan titin duwatsu da gangara. Mai jakar baya ɗaya, wannan ba komai ba ne. Mai akwatuna biyu bayan kwanan zaune, wahala ce tsagwaronta, kuma mace mai fama da kaya tana waige-waige ita ce wadda kowane ɗan damfara ya fi hangowa.

Don haka ranar farko ki bar katin a jaka, ki sauka hawa na ƙasa inda bas-bas na Havaist ke tsayawa, ki hau mai zuwa Aksaray in masaukinki na Laleli ne ko Sultanahmet, ko mai zuwa Taksim in can kika kama ɗaki. Ana sa akwati a cikin motar a ba ki 'yar takardar lamba, ki zauna a kujera har inda za ki. Awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon cunkoso. In tsakar dare kika sauka, abin da ya fi shi ne tun kina Accra ki sa otal ɗin ya turo mota, a rubuto miki sunan direba da farashi. Duk wanda ya tare ki a zauren fita yana cewa “tasi, tasi” ba tare da allon sunanki ba, ki wuce shi.

Layin da za ki fi hawa shi ne taram T1, daga Kabataş zuwa Bağcılar. Kusan duk abin da ya kawo 'yar Zango garin yana kansa: Karaköy, Eminönü inda jiragen ruwa da kasuwar kayan yaji suke, Sirkeci, Gülhane, Sultanahmet, Çemberlitaş, Beyazıt a ƙofar Kapalıçarşı, Laleli, Aksaray, Yusufpaşa, can gaba Zeytinburnu da Merter. Yana zuwa akai-akai, ba ya shiga cunkoson motoci sosai, kuma da yake a saman ƙasa yake tafiya kina ganin inda kike, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba ta jin yaren. Ki duba alamar gefen da kika tsaya, Kabataş ko Bağcılar, ki kuma karanta goshin jirgin, domin wasu ba sa kaiwa ƙarshe, a tsakiya suke juyawa.

Amma T1 shi ne kuma inda aka fi matsuwa. Daga wajen bakwai da rabi zuwa tara da rabi na safe, da biyar zuwa bakwai da rabi na yamma, tsakanin Eminönü da Aksaray ba a maganar kujera, ana maganar inda za a ajiye ƙafa. Istanbul ba ta da taragon mata zalla irin na Dubai ko Alƙahira, maza da mata a haɗe ake tsayuwa. Abu biyu ke faruwa a cikin matsin nan, yankan aljihu da taɓa jiki da gangan, kuma maganinsu kusan ɗaya ne. Ki bar jirgin da ya cika ya wuce, wani na tafe cikin 'yan mintoci. In kin shiga, kada ki tsaya a bakin ƙofa, nan ɓarayi ke aiki don su fice kafin ta rufe. Ki kutsa ciki ki jingina bayanki da bango ko gilashi, kusa da manyan mata in akwai. Jaka a gaba, zik ɗinta a ƙarƙashin hannunki, waya ba a aljihun abaya na gefe ba. Kuɗin sari kuwa ba a jaka suke zama ba, a lalitar ciki ƙarƙashin tufafi, abin kashewar yini kaɗai ke waje.

In wani ya matso fiye da yadda cunkoso ya tilasta, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki juya ki dube shi, ki ɗaga murya ki ce “Ayıp!”, abin kunya ke nan, ko “Yapma!”, wato bari. Mutanen garin, musamman tsofaffin mata, ba sa ƙyale irin wannan in suka ji, kuma mai yin abin ya dogara ne da shirun baƙuwa. In abin ya wuce haka, “İmdat!” shi ne neman agaji, ki sauka a tasha ta gaba ki nufi mai gadi. Lambar gaggawa ta ƙasar duka 112 ce, kuma akwai ofishin 'yan sandan baƙi a Sultanahmet, kusa da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta Yerebatan. Kallo kam za a kalle ki, wasu ma su roƙi hoto, domin baƙar mace har yanzu abin kallo ce a wasu unguwanni. Yawancinsa son sani ne kawai, kuma ba dole ba ne ki amsa.

Tsakanin Sultanahmet da Laleli tasha uku ce, tafiyar minti 20 a ƙafa a kan babban titi mai jama'a. Lokacin cunkoso, takawa ta fi.

Sunayen tashoshi na da tarko biyu da ke cin baƙi kullum. Tashar taram mai suna Topkapı ba ita ce ta Fadar Topkapı ba. Tana can bakin tsohuwar ganuwa, nesa ƙwarai. Mai zuwa fadar a Gülhane ko Sultanahmet take sauka. Na biyu, Aksaray ta taram da Aksaray ta metro ba wuri ɗaya suke ba. In za ki sauya zuwa layin M1, ki sauka a Yusufpaşa, ta fi kusa. Kalmomin allo da ya kamata ido ya saba da su ba su da yawa: Çıkış mafita, Giriş mashiga, İskele mashigar jirgin ruwa, Kadın ko Bayan na mata, Erkek ko Bay na maza.

Ga mai sari, katin na kai ki ko'ina a yi ciniki: Laleli da Merter a T1, Osmanbey a M2, takalman Gedikpaşa a gangaren da ke ƙasan Beyazıt, mayafai da kayan amare a titin Fevzipaşa na unguwar Fatih, inda bas ne ke kaiwa. Abin da ba ya yi shi ne dawo da kayan. Taram ba wurin dila ba ne, mai gadi na iya hana ki shiga da babban ƙunshi, ko ya bari ma ba za ki iya tsare shi ki tsare jakarki a lokaci ɗaya ba. Tsarin da ke aiki shi ne ki fara zaɓar ofishin kago a Laleli mai aikawa Accra, ki karɓi katinsa, duk shagon da kika yi sayayya ki ba su adireshin su aika da ɗan dako. Ki rubuta sunanki da lambarki a jikin kowane ƙunshi da hannunki, ki ɗauki hoton rasit da na kayan kafin a ɗaure, da yamma ki biya ofishin ki ƙirga. Kapalıçarşı, mai shaguna wajen 4,000 da aka fara ginawa zamanin Sarki Muhammadu Fatih, ba ta buɗewa ranar Lahadi, yawancin shagunan sari ma haka. Lahadi ranar ziyara ce.

A nan ne kuma katin ya fi burgewa, a kan ruwa. Daga Eminönü jirgin fito na kai ki Üsküdar a ɓangaren Asiya cikin kusan minti 15 zuwa 20, Kadıköy kuma ɗan fiye da haka, a kan kuɗin da bai fi na hawan taram da yawa ba. Kowace mashiga da sunan inda jirginta ke zuwa a rubuce a sama, babu ruɗani. A ciki akwai kujeru isassu, akwai bandaki, ana sayar da shayi a 'yan kofunan gilashi, iyalai ne da ma'aikata da ɗalibai, babu matsi babu tsangwama. A duk abubuwan hawan birnin, nan ne mace ita kaɗai za ta fi sakin jiki. Masu tallan yawon Bosforos, wato mashigin tekun da ya raba birnin, da ke tare mutane a bakin ruwa suna neman ninkin-ba-ninkin wannan kuɗin, alhali daga jirgin fito ma za ki ga masallacin Aya Sofya da Fadar Topkapı da hasumiyar Galata da kyau. Matsalarsa yanayi ce: hazo mai kauri ko iskar kudu da suke kira lodos kan sa a soke tashi, musamman da hunturu. Ranar da aka yi haka sai Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, yana ratsawa daga Sirkeci zuwa Üsküdar cikin minti 4 a zurfin kusan mita 60. Sai dai saukar tashar Sirkeci ta fi tafiyar kanta daɗewa, kuma da katin da ba shi da suna za a cire miki kuɗin doguwar tafiya a kan tasha ɗaya tak.

Masu niyyar ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, su hau taram T5 daga Eminönü, yana bin gaɓar reshen tekun da ake kira Haliç, su sauka a Eyüpsultan Teleferik. Juma'a da ƙarshen mako da watan azumi wurin na cika maƙil. Safiyar Litinin zuwa Alhamis ta fi sauƙi. Fadar Topkapı, inda ɗakin kayan tarihin Annabi da Sahabbai yake kuma ake karatun Alƙur'ani ba yankewa, tana rufe ranar Talata, tikitinta daban ne, katin hawa ba ya buɗe ta. Aya Sofya, ginin shekarar 537 da ya koma masallaci a 2020, tun Janairun 2024 masu yawon kallo na biyan yuro 25 su hau bene, ƙofar masu sallah kuma daban take, don haka ki je da alwalarki a lokacin sallah. Wadda ta saba sallah a Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, za ta gane zubin Masallacin Sultanahmet tun daga nesa, duk da wannan hasumiyarsa shida ce. In kuwa natsuwa kike nema, Masallacin Süleymaniye da magini Mimar Sinan ya kammala a 1557 ya fi su duka sarari da ƙarancin hayaniya, hawan tudu ne na kusan minti 10 daga Vezneciler. A ɓangaren Asiya, daga Üsküdar bas na kaiwa Masallacin Çamlıca na 2019, mai ɗaukar mutum 63,000, wanda mata biyu ne suka zana shi.

Kowane babban masallaci na da sashen mata, a baya ko a bene, ana sa takalmi a leda a shiga da shi. Famfunan alwala da ke jere a jikin bango na maza ne. Na mata yana ciki, galibi tare da bandaki a ƙasa, wani wurin kyauta wani wurin da ɗan kuɗi. Shi ya sa kada ki bar katin ya ƙare ƙarƙaf, ki kuma riƙe 'yan sulalla.

Dare ne ya fi buƙatar lissafi. Metro da taram na farawa wajen shida na safe, su tsaya wajen sha biyun dare. Daren Juma'a da na Asabar wasu layukan metro na kwana suna aiki, amma kada ki ɗora komawarki a kan T1 bayan sha biyu. Mu da muka saba rana ta faɗi wajen shida duk shekara, lokutan can na iya ruɗa mu. A Disamba gari ba ya wayewa sai bayan takwas, magariba kuma kafin shida. A Yuni magariba na kaiwa tara saura, isha'i ta wuce goma da rabi, wato wadda ta tsaya isha'i a Eyüp ko Üsküdar saura mata kamar awa ɗaya ta kama jirgin ƙarshe, ga sauyin layi a tsakani.

Inda kika kama ɗaki shi ke yanke rabin wannan matsalar. Laleli da Aksaray da Kumkapı da rana kasuwa ce, da zarar shaguna sun rufe kuwa lungunan ciki na komawa na mashaya da maza masu zaman banza, kuma mace mai tafiya ita kaɗai a can, balle baƙa, za ta ji maganganun da ba ta so. Ki zaɓi otal da bai wuce taku minti biyar daga tashar taram ba, a kan babban titin Ordu ko Divanyolu ko dab da su, mai ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Ɗaki mai araha a ƙasan gangara, abin da kika rage a kuɗinsa za ki biya shi a tasi da fargaba. Bas na hukuma na da wata doka mai kyau: bayan ƙarfe goma na dare, mace na iya cewa direba ya sauke ta a ko'ina a kan hanyarsa, ba sai a tasha ba. Ana shiga bas ta ƙofar gaba a taɓa kati kusa da direba, in kuma kuɗinki sun ƙare, al'ada ce wani fasinja ya taɓa miki nasa ki ba shi tsaba. Metrobüs na aiki awa 24 a kan hanyarsa ta kilomita 52, amma bai bi ta tsohon gari ba, kuma cunkosonsa ya fi na T1. Baƙuwa ba ta da abin yi da shi sai dole. Ƙananan motocin dolmuş da tsabar kuɗi ake biya, da dare kuma kada ki yarda ki zama fasinja ta ƙarshe a ciki, in kowa ya sauka ke ma ki sauka a wuri mai haske.

Tasi ba a rabuwa da shi gaba ɗaya. In ya kama, ki kira ta manhajar BiTaksi ko Uber, ko ki sa otal ya kira, domin lambar mota da sunan direba su zauna a rubuce, ki tura hoton ga wani a gida. Ki zauna a baya, ki ga an kunna mita. Babu wani farashin dare na daban, kuɗin gada ko ramin ƙarƙashin teku ne kawai ake ƙarawa in an bi ta nan. Tsohuwar dabarar ita ce ki miƙa 50 a nuna miki 5 a ce ita kika bayar. Ki faɗi adadin da baki, takardar na hannunki, kafin ki sake ta.

Fasfo ɗinki na ainihi ya kasance a jikinki, ba a ɗaki ba. 'Yan sanda da jami'an shige da fice na duba takardu a Aksaray da Kumkapı da bakin manyan tashoshi, an fi tsayar da baƙaƙe, kuma hoton da ke waya ba kullum yake gamsar da su ba. Mai biza ingantacciya minti biyu ne ta wuce. Ki haɗa da katin otal mai adireshi da Turkanci, ki sauke taswirar birnin a Google Maps tun kina da intanet, ki riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, domin sanyi da taswira na cinye batir da wuri. Takalmi kuma mara tsini, mai riƙe ƙasa. Duwatsun titin na santsi in an yi ruwa.

Kwana biyu kafin tafiya ki daina zuba manyan takardu, domin ciro ragowar daga katin ba abu ne mai sauƙi ga baƙo ba. Abin da ya saura yana nan a ciki, sai ki ajiye don wata tafiyar ko ki ba wadda za ta bayanki, tunda ba suna a jikinsa. Komawa filin jirgi kuma Havaist ne daga Aksaray ko motar otal, ki bar masauki awa biyar kafin tashi. Ana binciken kaya tun a ƙofar ginin, a sake bayan duba fasfo, kuma daga nan zuwa wasu ƙofofin shiga jirgi tafiyar minti 20 ce a ƙafa.